TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ALHAJI ABUBAKAR IMAM (1911 – 1981)

Kwamitin da ya tsara wannan ɗan littafi ya keɓe waɗansu shafuka domin tarihin mutanen da aikinsu ya taɓa rayuwarmu. Sa'ad da aka ba ni zaɓi, sai na ɗauki Alhaji Abubakar Imam. Na san wani zai yi mamaki, gama Imam Musulmi ne, ɗan alkali, ya rayu ya kuma rasu cikin addininsa. Amma in ka tambayi dattawan da ke zaune a kujerun gaba yau inda suka gyara karatunsu na Hausa, da yawa za su ambaci littattafansa. Ni kaina a aji huɗu na firamare na fara riƙe Magana Jari Ce, kwafi ɗaya ne mu shida muke karɓa-karɓa, bangonsa ma ya riga ya cire.

Akwai dalili na biyu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, matasanmu da suka gama kwaleji a Argungu ko a nan Birnin Kebbi sukan kawo mini rubutunsu in duba, waɗansu a littafin rubutu na makaranta, waɗansu a cikin waya. Kukansu ɗaya ne: babu mai bugawa, babu mai saye, a gida kuma ana ce musu su nemi aikin yi. Domin su ne zan fi daɗewa a kan shekarun farko na Imam, wato daga fitarsa kwaleji a 1932 zuwa tafiyarsa Ingila a 1943. Sauran shekarunsa na girma da muƙamai zan ratsa su da sauri.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

Wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Birnin Kebbi zuwa Kaduna ta Jega, Koko, Yawuri da Kwantagora, in ya wuce Tegina zai iske garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu. A nan aka haifi Abubakar a shekara ta 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alkali, saboda haka yaron ya buɗe ido a gidan allo da tawada, a nan ya fara karatu kamar sauran 'ya'yan malamai.

Yana da wa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20. Bello ya ga zuwan Turawa ƙasar Kwantagora da idonsa tun yana yaro, daga baya ya yi karatu a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya zama malami a Katsina. A 1922 aka kai Abubakar wurinsa, yana da shekara 11. A gidan wannan wa nasa ya girma, ya shiga makarantar lardi ta Katsina, a 1927 kuma aka ɗauke shi a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina.

Wannan kwaleji ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Ita kaɗai ce irinta a lardunan Arewa a lokacin. Ana zaɓo yara kaɗan daga kowane lardi, har da Lardin Sakkwato wanda ƙasar Gwandu da ta Argungu ke cikinsa, a horar da su shekara biyar, su koma su koyar. An fi matsa musu a kan Turanci, musamman furuci, shi ya sa har suka tsufa akan gane ɗan Kwalejin Katsina da ya buɗe baki. Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaban Imam da shekara ɗaya. Abubakar na Bauchi, wanda duniya ta sani da Tafawa Ɓalewa, yana bayansa da shekara ɗaya. Wannan kwalejin ce aka mayar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa.

BAYAN KWALEJI

Imam ya gama a 1932, yana da shekara 21, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Midil ta Katsina. Lokacin bai yi wa sabon ma'aikaci daɗi ba. Kasuwar duniya ta faɗi tun 1929, farashin gyaɗa da auduga ya karye, haraji kuwa bai fasa zuwa ba. Baitulmali ya tsuke bakin aljihu. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa a wulaƙance ba shi ne zai fitar da sisi ya sayi littafin hira ba, ko da ya iya karatu, alhali masu iya karatun boko a lardi guda ba su taka kara sun karya ba.

Amma rashin kuɗi ba shi ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce, aikin da Imam zai yi suna da shi, a 1932 babu shi sam a ƙasar Hausa. Kada a fahimce ni a karkace: rubutu tsoho ne a ƙasarmu. Mu da ke zaune kusa da Gwandu mun san Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar littattafai masu yawa da Larabci, Nana Asma'u kuma ta bar waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Sai dai wannan rubutu na addini ne, da shari'a, da tarihi, da gargaɗi. Malami yakan ɗauki alƙalami domin ya faɗi abin da yake gaskiya ne. Labarin da mutum ya ƙaga da kansa kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara bayan cin tuwon dare, ba abin da mai rawani zai ɓata takarda a kansa ba. Ga shi kuma jama'a ba su yarda da haruffan boko ba tukuna, suna ganinsu kayan Nasara.

Abin da ake da shi na karantawa cikin boko ana iya ƙirga shi da yatsu. Akwai littattafan makaranta, da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara tun wajen 1911, da fassarar Dare Dubu da Ɗaya, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A shekarar da Imam ya gama kwaleji ne kuma, 1932, aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe a kai. Babban ƙamus na Bargery ya biyo baya a 1934. To, yaron da ya koyi karatu a elementare, in ya gama littafin aji, ba shi da wani abin da zai ja shi ya ci gaba da karatu don jin daɗi. Da yawa sukan manta karatun bayan 'yan shekaru.

GASAR 1933

Wannan giɓi ne ya dami wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, shugaban Ofishin Fassara da ke Zariya, wanda daga baya aka sāke wa suna Ofishin Talifi. East mutum ne mai kunnen harshe. Ya yi aiki a ƙasar Tibi, shi ne kuma ya juya tarihin mutanen Tibi da Akiga Sai ya rubuta zuwa Turanci, aka buga a 1939. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malaman da suka yi boko, yana roƙonsu su rubuta labari mai tsawo, kimanin kalma 20,000, wanda ya fito daga kansu, ba wa'azi ba, ba kuma tatsuniyar da kowa ya sani ba. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa shawo kan malamai su yarda ƙagen labari aiki ne na mutumin kirki ya ba shi wuya ƙwarai.

Imam yana cikin waɗanda suka amsa. Yana da shekara 22, bai taɓa ganin littafin ƙagen labari da wani Bahaushe ya rubuta ba, domin babu. Ba shi da wanda zai kwaikwaya cikin harshensa. Ga aikin aji da safe, ga duba littattafan yara, ga sauran hidimar makarantar kwana, rubutu sai abin da ya rage na lokaci. Abin da yake da shi a hannu shi ne abin da ya karanta da Larabci a gida, da abin da ya karanta da Turanci a kwaleji, da hirar da kunnensa ya kwasa a zaure da kasuwa. Da waɗannan ya gina Ruwan Bagaja.

Yawancinmu mun san labarin. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, domin ya wanke mijin uwarsa, Liman, daga kunyar da aka ba shi a fada. A hanya ya yi ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama, gari bayan gari. Imam bai ɓoye ba cewa wannan tsari na mutum biyu masu haɗuwa suna rabuwa ya samo shi ne daga Muƙamatul Hariri, littafin Larabci da malaman zaure ke karantawa.

Da rubutun ya isa Zariya, East ya ga abin da yake nema, amma ya ga wani abu kuma. Waɗansu labaran da ke ciki ya gane su sarai, ya san littattafan da aka ɗauko su. Bai yi shiru ba. Ya rubuta wa Imam ya gaya masa, ya kuma cire waɗannan sassa kafin a buga. Ruwan Bagaja da muka karanta a makaranta ya fi wanda ya bar Katsina gajarta.

A nan nake so matasanmu su tsaya kaɗan. Saurayi ya zuba ƙarfinsa cikin littafinsa na fari, ya aika, amsar da ta dawo ta haɗa yabo da tsautawa, an kuma sa almakashi cikin aikinsa. Na ga waɗanda ƙasa da wannan ta sa suka jefar da alƙalami, na kuma ga waɗanda suka ɗauki rubutunsu cikin fushi suka kai wa mai injin bugawa ya buga musu yadda yake, da kuskure da kome. Imam bai yi ko ɗaya ba. Ya karɓi gyaran, ya kuma riƙe dangantaka da wanda ya gyara shi har shekaru kusan 20. A ganina East ya yi daidai da ya faɗa masa gaskiya tun da wuri. Ko duk abin da ya cire ya cancanci cirewa, wannan wata magana ce, gama Bature ne ke auna wa Bahaushe abin da ya dace da Hausa, kuma ikon duka a hannunsa yake. Ɗan shekara 22, ma'aikacin En'e, ba shi da bakin musu da jami'in ilimi a 1934.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa. Ban da Ruwan Bagaja, akwai Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙin mutanen Kwantagora da Turawa. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta tare da East. Gida ɗaya ya ba da biyu cikin biyar. An fara fitar da su a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, wanda daga nan ne bikin ya samo asalin girmansa.

Abin lura shi ne, cikin mutum biyar ɗin nan Imam kaɗai ya mayar da rubutu sana'ar rayuwarsa. Bello ya ci gaba da koyarwa da shari'a har ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa siyasa ta ɗauke shi. Ba don sun kasa ba ne. Rubutu ba ya ciyar da gida a lokacin. Kantunan littattafai kaɗan ne, yawancinsu na mishan, a manyan garuruwa. Ofishin Talifi ba shi da injin bugawa na kansa, sai ya aika wani wuri a buga masa. Makarantu ne kusan kaɗai masu saye. Saboda haka littafin Imam ya fita, sunansa ya shiga makarantun larduna, shi kuwa washegari ya ɗauki alli ya koma aji kamar yadda ya saba, ya yi shekara biyu a haka.

WATA SHIDA A ZARIYA

A 1936 East ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. Ana bukatar littattafan karatu na Hausa domin makarantu, masu daɗi, waɗanda yaro zai karanta ba da bulala ba. Imam ya zo Zariya ya zauna wata shida. East ya tara masa littattafai iri iri, na Larabawa, da na Indiya, da na Turai, ya ce ya karanta ya ɗauki abin da zai yi amfani.

A nan ne ya koyi sana'ar sosai. Cikin tarihin rayuwarsa da ya bari ya ambaci irin ƙa'idodin da East ya koya masa, ɗaya daga ciki ita ce kada ya bar macuci ko mazambaci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari, kome ƙarfinsa a farko. Wanda ya karanta littattafansa zai ga ya riƙe wannan. Ya koyi kuma bambanci tsakanin kwafe labari da narkar da shi. Abin da aka tsauta masa a kai a 1934 shi ne ɗauko labari ɗungum. Abin da ya yi a 1936 shi ne ya ɗauki ƙashin labarin, ya zubar da naman, ya sa masa na Hausa: sunaye, da fada, da kasuwa, da karin magana, da irin ba'ar da Bakatsine ke yi wa Bakano.

Cikin wata shidan nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labaru fiye da 80, aka buga su daga 1937 zuwa 1939. Ku auna wannan: kusan labari ɗaya kowane kwana biyu, da hannu, ga gyara, ga sāke rubutu. Zaren da ya ɗinke su shi ne aku. A littafi na ɗaya akun yana riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare, domin kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri, har a ƙarshe aka naɗa akun waziri. A na biyu ya yi gasar labari da wani aku. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih. Dabarar aku mai hana fita da labari daga wani tsohon littafin Indiya ta fito. Waɗansu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke, waɗansu daga Kalila wa Dimna, waɗansu daga tatsuniyoyin Jamus. Ni dai na girma ina ɗauka Kalala da matarsa Kalalatu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Sai da na yi furfura na ji cewa asalin labarin daga Jamus yake.

Masana a jami'o'inmu sun bi sawun labaran nan ɗaya ɗaya sun nuna inda kowanne ya fito, waɗansu har suna ganin abin ya rage wa Imam daraja. Ban yarda da su ba. Mai wa'azi ya san cewa misali ɗaya yakan yi yawo daga bakin wannan zuwa na wancan, abin tambaya shi ne ko ya zauna daram a kunnen masu ji. Gero ba mu muka halicce shi ba, amma furar da aka dama a Argungu ta Argungu ce. Inda na ga laifi shi ne ba a bayyana wa yara masu karatu tushen labaran ba, wannan kuwa ya fi rataya a wuyan ofishin da ya buga.

Da wata shida suka cika, ya koma Katsina, ya koma aji.

GASKIYA TA FI KWABO

Wajen 1938 gizagizan yaƙi sun fara haɗuwa a Turai. Jita-jita ta bazu a ƙasar nan cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus domin ta lallashi Hitila. Jaridun Ikko kuma, musamman West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe wadda ta fara fita a 1937, sun fara shigowa Arewa ta jirgin ƙasa. Gwamnati ta ga tana bukatar jarida da Hausa. East ya sāke neman Imam, wannan karo ba aro ba, ƙaura ce gaba ɗaya. Sai da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yarda ya sake shi. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 27 ya bar garin da ya girma, da gidan wansa, da aikin koyarwa mai tabbas wanda kowa ya san darajarsa, ya tafi wani aiki da ko sunansa babu a Hausa tukuna.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu 1939, sau ɗaya a wata, kuɗinta kwabo. Imam ne editan Hausa, yana aiki tare da wani Bature, L. C. Giles, East kuma yana bisa duka. Kafin shekara ta ƙare Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Wahalar wannan aiki iri uku ce, kuma ta farko ita ce harshe. Dole a ba manomi labarin jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku, da majalisar dokokin Ingila, da ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, cikin Hausar da zai gane in ana karanta masa a gindin bishiya. Imam yakan nemi misali daga gona ko fada ko kasuwa ya ɗora labarin a kai, ya sa karin magana ya ɗaure. Yawancin Hausar jarida da ta rediyo da muka tashi muna ji, a teburinsa aka fara sassaƙa ta.

Ta biyu ita ce isar da jaridar. Jirgin ƙasa daga Zariya iyakarsa Gusau da Ƙauran Namoda. Abin da zai zo Sakkwato, balle Argungu da Birnin Kebbi, sai ya hau mota, da damina kuwa hanya sai yadda ta yiwu. Kwafi ɗaya yakan bi hannu da yawa, malamin makaranta ko malamin asibiti ya karanta da ƙarfi, jama'a su kewaye shi. Domin waɗanda ba su iya boko ba aka riƙa haɗawa da 'yar takarda cikin ajami. Sojojinmu da aka kai Gabashin Afirka da Bama su ma ana aika musu, suna kuma rubuto wasiƙu.

Ta uku ita ce ta fi nauyi. Jaridar ta gwamnati ce, Turawa na duba abin da ke fita. Sarakuna ba su saba a ambaci aikin hakimi ko na alkali a takardar da talaka zai saya da kwabo ba. Samarin da suka yi boko kuwa suna so a faɗi kome a fili, in ba a faɗa ba su ce edita ɗan koren Turawa ne. Imam yana tsakiya, kowane gefe na jan rigarsa. Hanyar da ya bi ita ce ya buɗe shafin wasiƙu ga masu karatu, ya riƙa sukar cin hanci da zalunci da jahilci ba tare da kama suna ba, sau da yawa ta bakin labari ko habaici. Waɗansu sun ga tsoro ne. Ni ina ganin mutumin da ya rubuta labarin aku mai faɗa wa sarki gaskiya ta hanyar hira, ya san abin da yake yi.

TAFIYA INGILA, 1943

A 1943, yaƙi na ci, aka gayyaci editoci takwas daga Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam kaɗai ne daga Arewacin Nijeriya. Suka tafi ta teku a lokacin da jiragen Jamus ke nutsar da jirage. Azikiwe yana cikin tawagar, ya kuma shirya takarda ta neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai cikin shekara 15, ya nemi kowa ya sa hannu. Imam ya ƙi. Dalilinsa shi ne ba wanda ya aiko shi da wannan saƙo daga Arewa, kuma Arewa tana baya ƙwarai a ilimin zamani. Jaridun Ikko ba su yafe masa wannan da wuri ba.

Amma wanda ya ɗauka ya ƙi ne don ya gamsu da mulkin Turawa, bai san sauran labarin ba. A wannan tafiya ya sadu da Lugga, tsohon gwamnan da ya kafa mulkin En'e, yana tsoho a gidansa. Imam ya bayyana masa, da baki da kuma a rubuce, irin ɓarnar da ke cikin tsarin: talaka ba shi da inda zai kai kuka, Turawan mulki ba sa jin kowa sai sarakuna, samarin da aka ilimantar kuma an bar su ba a shawara da su. Lugga ya miƙa maganar ga hukumomin da ke sama. Masu tarihi suna lissafta waɗannan wasiƙu cikin abubuwan farko da suka motsa gyaran mulkin En'e. Labarin tafiyar kuma ya zama littafi, Tafiya Mabuɗin Ilmi, a 1944.

Ko ya yi daidai da ya ƙi sa hannu, har yau ana gardama. Abin da ya faru dai shi ne Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, shekara 17 bayan wannan takarda.

SAURAN RAYUWARSA

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, da injinan bugawa nasa, abin da babu sa'ad da Ruwan Bagaja ya fito. Imam ya ci gaba da riƙe jaridar har farkon shekarun 1950. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, wanda ya zama shugabanta na fari. An zaɓe shi ɗan majalisa a 1951, amma bai daɗe cikin siyasa ba. Ya yi aiki da hukumar NORLA mai buga littattafan yaƙi da jahilci, ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa har ya shugabance ta, daga baya kuma ya riƙe aikin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Bai bar rubutu ba. Shi da East sun rubuta Ikon Allah, a kan halittu da kimiyya, ya kuma rubuta littattafai a kan tarihin addininsa da aikin hajji. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Jaridar da ya fara kuwa ta yi fiye da shekara 60 ana buga ta.

East ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950, ya rasu a Ingila a 1975. Malam Bello Kagara ya rasu a 1971. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa da kansa, Alhaji Abdurrahman Mora ne ya kammala shirya shi, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989.